Taƙaitawa: gajeren katun kan tarbiyyar jarumi mai ƙarfin ban mamaki

'Yan'uwa, ga abin da aka tattauna kan yadda za a shirya wannan katun.

1. An yarda kada fim ya wuce minti 2. Zane 12 a daƙiƙa ya wadatar, amma minti ɗaya kaɗai zane 720 ne. Masu farawa da fim na minti 10 kan watsar da aikin.

2. A ɗauki murya kafin zane, in ba haka ba baki da magana ba za su haɗu ba. A ɗauka bayan Asuba, kafin injin niƙa ya tashi.

3. Tarbiyya a nuna ta, kada a yi wa'azi. Yaron da zai iya ɗaga amalanke da hannu ɗaya, sai ga shi durƙushe yana gaida kakarsa, ko yana jiran layinsa a bakin rijiya. Wannan, a ganina, shi ne zuciyar aikin.

4. An rabu kan manhaja: masu waya na son FlipaClip, masu kwamfuta Krita ko Blender. A ƙauye caji ne matsala, a riƙa adana aiki akai-akai.

5. Wasu na son Superman, tunda manoma suka rene shi a jihar Kansas ta Amurka. Wasu sun ce mallakin kamfanin DC ne, ba za a iya sayar da fim ɗin ba, gara a ƙirƙiro ɗan Ringim ko Bichi.