Neman shawara: allurar barcin tiyata ta sa ni sambatu, ga shi za a sake yi min aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. A haihuwata ta fari jini ya ɓalle min, aka shiga da ni tiyata cikin gaggawa, aka yi min allurar barci ta jijiya. Da na fara farfaɗowa sai na ga silin yana narkewa, na ji kamar na fita daga jikina ina kallon kaina. Wai har ihu na riƙa yi ina kiran kakata da ta rasu. Surukata ta ce iska ce, aka yi ta min ruƙiyya. Yanzu cikina wata takwas, an ce aiki za a sake yi. Wallahi allurar nan ta fi wuƙar ba ni tsoro. Me zan yi?

Wata nas a ɗakin tiyata:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, kwantar da hankalinki. Yadda kika kwatanta, da alama ketamine aka ba ki, kuma sambatun nan sananne ne a wurinmu, manya sun fi yara yin sa. Tana kuma kawo yawan yawu, tashin zuciya, da idanu su riƙa rawa. Dalilin zaɓar ta ga mai zubar jini shi ne ba ta kayar da jini kamar sauran, ɗaga shi ma take yi tare da bugun zuciya, kuma ba ta cika danne numfashi ba. Shi ya sa asibitocin karkara suka dogara da ita. Akan haɗa ta da maganin kwantar da hankali, diazepam ko midazolam, don rage gane-ganen. Tunda wannan aikin shiryayye ne, galibi allurar baya za a yi miki: idonki biyu, daga ƙirji zuwa ƙasa ne zai mutu. Ki nemi ganin mai sa barcin tun kafin ranar, ki faɗa masa duk abin da ya faru. In kina da hawan jini kada ki ɓoye, domin ketamine na iya ƙara shi.

Maman 'yan biyu:
Ni waƙar biki aka ce na rera wa likita, har yau ƙannena suna tsokanata. A na biyu allurar baya aka yi min, na ji kukan jaririna da kunnena. Ciwon kai dai na sha bayan nan, in na kwanta ya lafa, in na tashi ya dawo.

Wani ɗan uwa:
Sai ta nemi a ba ta farar allurar nan mai kama da madara mana, an ce ita ba ta sa mafarki.

Nas ɗin ta sake cewa:
Malam, propofol kake nufi. Gaskiya farkawarta ta fi daɗi, amma tana da zafi a jijiya, tana kayar da jini, tana iya tsayar da numfashi. Sai inda akwai iskar oksijin da mai lura da majiyyaci. Ita ce ta yi ajalin mawaƙi Michael Jackson a 2009, da aka ba shi a gida. Ba abin da majiyyaci zai zaɓa da kansa ba ne.

Wata Hajiya:
'Yata, addu'a ba ta hana magani. Ki tafi da mijinki wurin likitan ya ji da kunnensa, shi zai fi iya fahimtar da mahaifiyarsa. Allah Ya sauke ki lafiya.

Mai tambaya:
Amin Hajiya, na gode ƙwarai. Anti nas, batun azumi kafin aikin fa?

Nas:
Ki daina cin abinci awa 6 kafin aikin, ruwa zalla kuma awa 2, sai dai in asibitinku sun ce miki wani abu daban. Ko kunu abinci ne, kada ki sha.