Neman kalmar Hausa: me za mu kira asteroid?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ana neman tsayayyar kalma ta asteroid, abubuwan nan da ke kewaya Rana, yawancinsu tsakanin duniyoyin Mirrihi (Mars) da Mushtari (Jupiter). Wasu na rubuta "ƙaramin tauraro", wasu "dutsen sama". Wanne ya fi?

Malamar Lissafi: Wa alaikumus salam. A ajiye ƙaramin tauraro gefe. Tauraro da haskensa yake, wannan kuwa aron na Rana yake yi. Rikicin daga tushe ne: masanin falaki William Herschel ya gabatar da kalmar a 1802 daga Girkanci, ma'anarta mai kama da tauraro, don a madubin hangen nesa na zamanin ɗigo kawai ake gani. Tafiyarsa ke tona masa asiri. A ɗauki hoton wuri guda sau uku ko huɗu a dare ɗaya, a jera: taurari na nan daram, ɗigo ɗaya ya gusa.

Mai Fassara: Amma Malama, ai tauraron ɗan Adam ma ba shi da haske, kuma mun karɓa.

Malamar Lissafi: Wannan bakin alƙalami ya bushe. Kada mu ƙara wani.

Ɗan Falaki: Dutsen sama kuma a bar wa wanda ya faɗo ƙasa aka tsinta. Shawarata "dutsen falaki", jam'i "duwatsun falaki". Yankin da suka yi dafifi, daga ninki 2.1 zuwa 3.3 na nisan Duniya da Rana, a kira shi "babbar ɗamara". Ninki ɗaya kusan kilomita miliyan 150 ne.

Mai Duba Rubutu: Malam, dutse bai yi kaɗan ba? Ceres, mafi girma a babbar ɗamarar, faɗinsa kusan kilomita 940.

Ɗan Falaki: Ceres tun 2006 aka mayar da shi ajin ƙananan duniyoyi. Mafi yawan sauran ba su kai kusa da haka ba, kuma a Hausa tsauni guda ma dutse ne. Abin da ya fi damuna shi ne orbit, wato hanyar da dutsen ke bi wajen kewaya Rana. Kada a ce "da'ira", domin hanyar ta ɗan miƙe kamar ƙwai, Rana kuma ba a tsakiyarta take ba.

Malamar Lissafi: To a ce "turba". Turbar kewaye. Lissafin ma mai sauƙi ne, dokar Kepler ta uku: a auna matsakaicin nisan dutsen daga Rana da ninkin nisan Duniya da Rana, a ninka shi da kansa sau uku, a ɗauki tushen murabba'i, sai shekaru su fito. Nisa 2.5 ya ba da 15.6, tushensa kusan shekara 3.95. Mushtari na cika kewayensa a shekara 11.86, wato dutsen ya zaga uku, shi ya zaga ɗaya. Kullum a wurare biyu tsayayyu Mushtari ke fizgar dutsen, har ya ture shi daga turba. Shi ya sa yankin nisa 2.5 ya zama kusan wayam, ɗaya daga giɓin da Daniel Kirkwood ya lura da su a 1866.

Ɗan Falaki: Turba ta zauna, don ana ɓatan ta. Giuseppe Piazzi ya gano Ceres a Palermo ranar 1 ga Janairu 1801, ya bi shi kusan mako shida, sannan hasken Rana ya haɗiye shi. Sai da masanin lissafi Gauss ya fitar da turbar daga wannan ɗan guntun awo aka sake ganinsa a Disamba. Gajeren awo kuskurensa ƙaruwa yake yi kowane wata. Saboda haka har gobe sabon dutse sunan wucin gadi ake fara ba shi: shekara, harafin rabin wata (A daga 1 zuwa 15 ga Janairu, ana tsallake I), sai harafin jeri. Lamba ta dindindin sai turbar ta tabbata, galibi bayan an sake awonsa a shekaru daban-daban.

Mai Fassara: Bari in gwada: "An gano wani ƙaramin dutsen falaki a babbar ɗamara, turbarsa na ɗaukar shekara huɗu da rabi."

Mai Duba Rubutu: Turba ba ta ɗaukar shekara. A ce "yana cika kewayen turbarsa a shekara huɗu da rabi".