Gonar gado ce, wa zai hana ni yanka ta?

Lawali: Assalamu alaikum jama'a. Jiya na bi hanyar Ɗan Isa zuwa gaisuwar rasuwa. Gonakin da muke zuwa gasa tumu muna yara, yanzu turakun siminti ne a jere. An sare gawo, an sare kalgo, kuma ba gida ko ɗaya da aka gina. Ƙasa ta daina ba da hatsi, ba ta fara ba kowa makwanci ba. Ni dai ra'ayina a ja layi tun yanzu. Fadamar Gulbin Maraɗi, burtalin dabbobi, da gonakin da ke cike da gawo, a ce nan ba a yanka filin gida, ko da mai gonar ya yarda.

Alhaji Sani: Wa alaikumus salam. "Ko da mai gonar ya yarda." Lawali ɗana, ka ji abin da bakinka ya faɗa? Mutum ya gaji gona daga ubansa, ba ta ba shi dami talatin a shekara, ɗiya goma sha biyu a gida, sai wani ya zo da takarda ya ce ba zai sayar ba saboda inuwar gawo? Kidayar 2012 ta samu mutum 267,249 a cikin birnin Maraɗi, jihar kuma ta haura miliyan uku da dubu ɗari huɗu. Tun daga nan haihuwa ba ta tsaya ba. Su kwana ina? Bisa reshen gawon?

Lawali: Baba Alhaji, da kwana ake yi a filayen da ban yi magana ba. Ajiyar kuɗi ce. Mutum guda ya sayi goma ya kafa turaku ya tafi, yana jiran farashi ya tashi.

Alhaji Sani: Kasuwa ke nan. Ko gero ana saye da kaka a ajiye sai bazara.

Hajiya Rabi: Shi ma mai ɓoye geron ba a yi masa addu'ar alheri, Alhaji.

Malam Isuhu: Ku bari tsoho ya sa baki. Alhaji, gidan da kake zaune cikinsa yau layi ne ya haife shi. Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadi, wajen 1819, a cikin kwarin Gulbi suka zauna, cikin duhun itatuwa, don dawakin abokan gaba su kasa cimma su. A 1945 ruwa ya zo ya cinye garin. Daga nan aka tashe mutane aka hau tudu, aka shata tituna miƙaƙƙu. Mahaifina yana cikin waɗanda suka ɗauko azara a ka suka hau. Har ya rasu yana cewa fadama wurin garka ne da taba da rogo, wanda ya kai shimfiɗarsa can ya kai wa ruwa. Yanzu jikokinsu ke komawa suna aza bulo a inda aka gudo.

Alhaji Sani: Malam, wancan zamanin babu madatsar Jibiya. Yanzu ruwan a ɗaure yake a Nijeriya.

Malam Isuhu: A ɗaure a hannun wani, ba hannunmu ba. Ran da ya cika za a sako shi, ba za a tambaye ka ba. Ban da wannan ma, ruwan da ke faɗo wa tudun Maraɗi da kansa, da can gonaki ke shanye shi. Yau rufin kwano da siminti ne ke tarbe shi, sai ya taru ya gangaro da ƙarfi yana yanka kwazazzabai zuwa Gulbi. Je ka tambayi mutanen Bagalam da Mokoyo abin da suke gani a watan Agusta.

Bube: Gaisuwa ga manya. Ni maganar burtali ce ta taso ni. Hanyar da babana ke koro shanu daga arewa zuwa wajen dajin Baban Rafi, da garke ke wucewa a sake. Yanzu akwai wurin da sai saniya ta bi bayan saniya. Kowane manomi ya ci taku biyu a shekara, kowa na cewa nasa kaɗan ne. A bakin gari kuma katanga muke tararwa. Saniya ba ta karanta takardar fili. In ta rasa hanya gona za ta faɗa, daga nan sai sanda. Wanda ya san abin da ya faru a Toda a 1991, inda aka kashe mutum sama da 100, mafi yawansu mata da yara, ba ya ɗaukar maganar burtali da wasa.

Alhaji Sani: Allah ya jiƙansu, Allah ya kiyaye na gaba. Burtali ban da ja a kansa, Bube. Ba na kowa ba ne, don haka ba mai ikon sayar da shi. Ni gonar mutum nake magana.

Lawali: To ai dokar ma tana nan. Dokar kiwo ta 2010 ta sa burtali da wuraren kiwo cikin dukiyar ƙasa, ba a mallake su.

Bube: Yaya Lawali, dokar 1961 ma tana nan, wadda ta ja layi ta ce daga nan zuwa arewa kiwo ne, ba noma. Hau mota ka wuce Dakoro ka shiga kwarin Tarka ka ƙirga gonakin gero. Layin yana cikin takarda lafiya lau, ko ƙwarzane bai yi ba.

Haruna: Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Lawali, fadama da burtali ina tare da kai. Amma maganar gawo ka yi kuskure babba, kuma ni ɗan ƙasar Agye ne, na san abin da nake faɗa.

Zamanin iyayenmu itacen da ke cikin gonarka ba naka ba ne, na gwamnati ne. In ka sare reshe ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Me manomi ya yi? Duk tsiron da ya leƙo sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, kada ya girma ya jawo masa masifa. Doka ta hana saran itace, ƙasa kuma ta koma ƙwarya, iska na binne shuka sau biyu sau uku kafin ta kama. An yi ta rabon dashe daga gandun reno, akasarinsu ba su kai shekara ba.

A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Toni Rinaudo, da ke aiki a nan Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da ake sassabewa kowace bazara kututtukan itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙasa. Ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ka rage sauran, ka bar su. Yunwar 1984 ta zo, aka haɗa abin da rabon abinci, mutane da yawa suka yi don cikinsu, da abinci ya ƙare wasu suka sake sarewa. Abin da ya sa wannan aiki, da ake kira sassaben zamani, ya zauna shi ne ran da manomi ya tabbata itacen nasa ne, zai yi makamashi, zai yi dirka, zai sayar. A Ɗan Saga mutanen gari da kansu suka kafa kwamitin tsaro, har da mata da makiyaya a ciki. Masu bincike da hotunan sama sun ƙiyasta an farfaɗo da hekta miliyan 5 da itace kusan miliyan 200 a nan Nijar, galibi tsakanin Maraɗi da Damagaram.

Yanzu kai ka zo ka ce gona mai gawo ba a sayar da ita, ta maƙwabcinsa da ya aske tasa ƙwal kuwa ya sayar ya tafi Makka. Wa ka hukunta? Wallahi daren da aka yi wannan shela za ka ji gatari na aiki har asuba.

Alhaji Sani: Allah ya yi maka albarka Haruna. Ga wanda ya san noma.

Lawali: Na karɓa. Wannan ban hango shi ba. A cire gawo daga ma'aunin. A duba inda ƙasar take da abin da take yi wa gari, ba yawan itacen da mai ita ya raina ba.

Malam Isuhu: A Damagaram ana ba da labarin sarkin da ya ce wanda ya sare gawo a sare shi. Mu dai ba mu kai nan ba.

Hajiya Rabi: Duk kuna ta cewa "mai gona", "mai gona". Wane ne shi? A gidanmu mu tara ne, mata biyar. Gonar mahaifinmu tana bakin gari. Yayyena maza suka sayar, sai bayan an kafa turaku muka ji. Aka aiko mana abin da aka ga dama a leda. Babban ya sayi babur biyu ya ba yara kabu-kabu, ya ƙara aure. Shekara uku ba babur ba gona, yanzu tiya yake awo kamar kowa. Mahaifiyarmu kuwa gamanarta na cikin gonar, nan take samun kuɓewa da yakuwa da ɗan wake na cefane. Ba wanda ya tambaye ta. Addini ya ba mace rabonta na gado, amma a ƙauyuka da yawa na kudancin jihar nan gona ta ƙanƙance har mata sun daina zuwa gona gaba ɗaya, ana ce musu hutu ne.

Alhaji Sani: Hajiya, wannan laifin yayyenki ne, ba na dillali ba.

Hajiya Rabi: Dillalin ya san mu tara ne. A unguwa ɗaya muka tashi.

Amma kai ma Lawali ban sake ka ba. In ka ja layinka, filin da ke ciki zai yi tsada ninki, haya ta tashi. Alhazai ba abin da zai same su, suna da filaye tun tuni. Bazawara mai ɗiya shida da ke biyan hayar ɗaki ɗaya ita za ta ji a jikinta. Kuma manomin da gonarsa ta faɗa bayan layi, ka ce ya riƙe wa gari iska mai daɗi kyauta?

Lawali: Inna Hajiya, kyauta ba za ta yiwu ba. Abu biyu nake gani. Na farko, a fara cika cikin gari. Duk filin da aka yanka aka bari kango shekara da shekaru, a ɗora masa haraji mai zafi, mai shi ya gina ko ya sayar wa mai ginawa. Na biyu, kuɗin ya tafi wurin waɗanda ke bayan layi, a yi musu rijiyoyi da injin ban ruwa. Hekta ɗaya ta fadama mai ruwa tana aiki wata goma sha biyu. Dubi Jiratawa, dubi masu zogale da tumatir da ke cika kasuwa da rani. Wanda garkarsa ke ba shi kuɗi duk mako ba ya neman dillali.

Kuma ba sabon ofishi nake nema ba. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda muke kira kofo, daga matakin ƙauye zuwa sama. Maigari na ciki, da wakilan manoma, makiyaya da mata. Aikinsu ne su shaida ciniki da jingina da aro, su shata burtali. Da an bi ta nan sosai, da wuya a sayar da gonar mutum tara da sa hannun mutum huɗu.

Haruna: In dai mutanen wurin ne za su taka da ƙafa su nuna inda layin zai bi, zai tsaya. In an zana shi a ofis an aiko, makomarsa ta 1961.

Malam Isuhu: Kuma lokaci ya ƙure. Titin jirgin ƙasa daga Kano, kilomita 284, tun 2021 aka ƙaddamar da aikinsa. Tun kafin a ji kukan jirgi masu kuɗi sun fara tambayar gonakin kudu.

Alhaji Sani: Ni ma an tambaye ni, ba zan ɓoye ba. To ku ji matsayina. Burtali, na yarda. Hanyar ruwa, na yarda. Gonar tudu ta gado kuwa, in magada duka sun sa hannu, har da matan, ba mai hana su. Harajin kango kuma ku manta da shi, waɗanda za su sa hannu a kansa su ne masu kangayen.

Bube: Baba Alhaji, tambaya ɗaya. Kai da kake sayar da filaye a gangaren fadama, ka taɓa gina naka a can?

Alhaji Sani: Ni ciwon sanyi gare ni, likita ya hana ni zama kusa da ruwa.

Hajiya Rabi: La ilaha illallahu!

Bube: Ran Asabar zan bi burtalin daga bakin gari in ɗauko hotunan inda aka toshe. Wanda ke so ya gani da idonsa, mu haɗu bayan sallar asuba.

Haruna: Ina zuwa.

Malam Isuhu: Ƙafata ba za ta kai ba. Alhaji, ka ba mu aron motarka.

Alhaji Sani: Mota tana nan. Mai kuma na Lawali ne, tunda shi ya tayar da zancen.