Furen okid a cikin kejin hawainiya: zai rayu a zafin Bauchi?

Ɗan Yelwa:
Salamu alaikum. Akwai keji na raga, faɗi santimita 60, tsayi 120, da hawainiya ɗaya irin tamu ta gida a ciki, da kwan lantarki na ɗumi da fitilar UVB (mai ba da irin hasken rana da jikinta ke buƙata) a sama. Ana so a sa furen okid irin Phalaenopsis, wanda masu furanni ke sayarwa a tukunya. Zai cutar da ita? Kuma a wane sashe na kejin za a ɗora shi?

Mai Lambun Dadin Kowa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Phalaenopsis ba shi da guba. Abin tsoro shi ne abin da ya zo da shi daga wurin mai sayarwa: maganin ƙwari a jikin ganye, ƙwayoyin taki, da fararen tsakuwoyin nan marasa nauyi da ake cakuɗawa a tukunya. Harshen hawainiya manne yake, in ta harbo gyare a bakin tukunya, duk abin da ke kusa tare za ta haɗiye.

Saboda haka zazzage tukunyar kaf, ka wanke saiwa da ganye da ruwa zalla, ka yanke duk saiwar da ta yi baƙi ta yi laushi. Sai ka ajiye shi a inuwa, wajen keji, sati 4 zuwa 6, don wani maganin cikin jikin shuka yake shiga, wanki ba ya fitar da shi.

Kada ka sa masa ƙasa ko kaɗan. A dazukan kudu maso gabashin Asiya a jikin bishiya yake zama, amma ba kamar kauci ba, ba ya shan jinin bishiyar, maƙalewa kawai yake yi. Saiwarsa iska take so. Ka samo gutsattsarin ɓawon kwakwa kamar girman goro, ka jiƙa kwana 3 kana sauya ruwa don gishirin ya fita, ka haɗa da gawayi, kashi biyu ɓawo, kashi ɗaya gawayi, a kwandon roba mai huji ta ko'ina.

Malama ta Wunti:
Malam ya gama batun shiri, saura wurin zama, kuma nan ne yawanci ake asarar furen. Ƙarƙashin kwan ɗumi zafi yakan kai digiri 30 zuwa 32, hawainiya na so, ganyen okid kuwa sai ya yi tabo fari, daga baya ya koma baƙi. A ɗaure kwandon a tsakiyar tsayin keji, ɓangaren da ba kwan, aƙalla santimita 40 daga gare shi. Taɓa ganyen da rana tsaka: in ka ji ɗumi a hannu, matsar da shi.

Na biyu, ruwa. Hawainiya ba ta sha a kwano, ɗigon da ke kan ganye take lasa, dole a yi mata feshi safe da yamma, minti 2 zuwa 3. Wannan feshin ne ke kashe okid, domin ruwa na kwanciya a tsakiyarsa inda sabon ganye ke fitowa, wurin ya ruɓe, ganye su zube ɗaya bayan ɗaya. Maganinsa a karkata shi, bakinsa na kallon gefe da ɗan ƙasa, yadda ruwa zai tsiyaye. A yi feshin yamma da la'asar don ya bushe kafin dare. Saiwa ce za ta gaya maka lokacin ba shi ruwa: kore tana nufin ta ƙoshi, in ta koma ruwan toka mai ƙyalli sai a shayar. A watan Agusta kana iya yin sati ba ka ƙara masa komai ba. Da hunturu kuwa kwana biyu ya bushe ƙayau. Ruwan sama ya fi, na burtsatse yakan bar farin dabbare a ganye.

Ɗan Yelwa:
Na gode, Malama. To taki fa? Kuma da me zan ɗaure kwandon?

Malama ta Wunti:
Taki ba a cikin keji ba. Ciro shi duk bayan sati 2, ba shi takin ruwa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwalba, ɗauraye ganyen, ya tsane, sannan ka mayar. Ɗauri kuma da tsumman auduga mai faɗi. Zaren kamun kifi da siririyar waya suna yanka yatsun hawainiya.

Dattijon Pantami:
Yarana, ni ra'ayina ya ɗan bambanta. Masu magana sun ce hawainiyarka ta kiyayi ramata, to wannan ba za ta kiyayi okid ɗinka ba. Duk abin da ta gani hanya ce: farce zai huda ganye, karan fure kuma ba ya ɗaukar nauyinta, karyewa zai yi. Ka gitta rassan gwaiba masu kaurin ɗan yatsa ta sama da ta gefen furen, ta samu abin bi. Guji tumfafiya da tinya da aguwa, ƙaronsu na ƙona ido da baki.

Gyare da farar da ka saka mata, in suka kwana a keji, kan saiwa mai kore da toho za su ci. Ka ba ta su a ƙoƙo mai santsi, abin da ya rage ka kwashe da magariba. Farar gonar da aka yi wa feshi kuma kada ta shiga kejin.

Babban cikas shi ne Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke dosar digiri 40. Phalaenopsis ya fi jin daɗi tsakanin 18 da 29, kuma in zafi ya zauna sama da 28 ba ya fitar da karan fure. Sanyin daren Disamba da Janairu ne ke tayar da shi. Da bazara kashe kwan ɗumin gaba ɗaya, bar fitilar UVB a kunne, kai kejin ɗaki mafi sanyi, ka rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gefe ɗaya. Ka sayi okid biyu, ɗaya na keji, ɗaya na hutawa a inuwa, kana musanya su duk wata.