Neman shawara: mabul ɗin falona ya dushe, a goge shi da inji ko a shafa masa mai?

Uwargida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Farin mabul ne shimfiɗe a falona, wajen murabba'in mita 40. An wanke shi da ruwan wankin bayi don datti ya fita, sai ga wurare sun yi fari fat, sun yi kaushi, sheƙin ya tafi. Daga ƙofa zuwa kujeru duk ƙarce ne, kusa da teburin cin abinci akwai tabon manja, kuma bakin wasu falayen mabul ɗin ya ɗara na kusa da su har ƙafa tana tuntuɓe. Wani mai aiki ya ce zai kwara masa man sheƙi ya bi da sila, wato ruwan da ake shafa wa dutse don ya rage shan ruwa da mai, a gama a wuni ɗaya. In ba shi aikin, ko akwai hanyar da ta fi?

Oga Mai Inji: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki ba shi. Farin da kike gani ba datti ba ne, fuskar dutsen ce ta cinye. Mabul dangin farar ƙasa ne, asid yana narkar da shi, kuma yawancin ruwan wankin bayi asid ne mai ƙarfi. Lemon tsami, tsamiya da zoɓo ma haka suke masa, a hankali dai. Man sheƙi a sama yake kwanciya, ya rufe ɓarnar na ɗan lokaci, sannan ya kama ƙura, ya yi ɗorawa-ɗorawa, ya soma ɓarewa a inda ake takawa. Ranar da za a yi gyaran gaskiya sai an fara biyan kuɗin kankare shi.

Kafin komai a tabbatar dutse ne. Akwai tayil mai zanen mabul, wanda in aka ɗora masa inji fatar samansa za ta tafi, ba kuma ta dawowa. A ɗiga ruwan lemon tsami a lungun da kujera ke rufewa, a bar shi minti biyu. In wurin ya dushe, mabul ne.

Aikin kansa da ruwa ake yi, da injin goge ƙasa mai nauyi da faifan daimon, wato faifan gugar dutse mai ɓurɓushin lu'u-lu'u. Tunda bakin falayen bai daidaita ba, a fara da faifai mai ƙarfe, lamba 30 ko 50 (ƙaramar lamba ita ce ta fi kaushi), a niƙe tudun har ƙasan ta zama shafe ɗaya. Daga nan a koma faifai mai roba: 50, 100, 200, 400, 800, in ana son sheƙi sosai a kai 1500 ko 3000. Kowace lamba aikinta ta share ƙarcen wadda ta gabace ta. Wanda ya yi tsalle daga 100 zuwa 800 zai samu sheƙi, amma da rana ta shigo ta taga za ki ga zobe-zoben inji a ƙasa. Tsakanin lamba da lamba dole a zuƙe kunun dutsen da injin zuƙar ruwa, a ɗauraye, domin ƙwaya ɗaya ta lamba 50 da ta maƙale a ƙarƙashin faifan 400 ta isa ta ɓata layi guda. Gefen bango da lunguna ƙaramin injin hannu ne ke kai musu, kuma su ma sai sun bi lambobin nan duka.

Tsagu da ramuka ana cike su bayan niƙan farko, da gam ɗin dutse da aka haɗa da launin mabul ɗin, ya bushe, sannan a ci gaba. Ƙarshe sai garin sheƙi mai asid ɗin okzalik: a barbaɗa kaɗan, a yayyafa ruwa ya yi kauri kamar koko, a murza da farin faifai mita ɗaya ko biyu a lokaci guda, a ɗauraye nan take. In ya bushe a kai ko aka daɗe ana murzawa, yana ƙona fuskar dutsen ta yi gurji-gurji.

Injiniya: Abin da Oga ya faɗa haka yake, amma Hajiya a fara da tabon manja tun kafin inji ya shigo. Mai ya riga ya nutse cikin dutsen, niƙa ba ta kai masa. A kwaɓa bekin soda da asiton, wato sinadarin nan na goge jan farce, ya yi kauri, a shafa kaurin wajen milimita 6 har ya zarce gefen tabon, a rufe da leda, a manne gefunan da salatif, a bar shi awa 24 zuwa 48. Sai a cire ledar a bari ya bushe ƙarau kafin a kankare da abin roba, domin a lokacin bushewar ne yake janyo man. Tsohon tabo yakan nemi a maimaita sau biyu ko uku. Asiton yana kama wuta, a buɗe tagogi, a nisanta shi da risho da gas. Tabon shayi ko zoɓo kuma ruwan haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 12 cikin ɗari ake kwaɓa bekin sodan da shi, a kan farin dutse kawai, don yana kore launin baƙi.

Maganar a gama a wuni ɗaya ita ce ta fi damuna. Bayan gogewa da ruwa dutsen yana buƙatar awa 24 zuwa 72 ya bushe, da damina ma ya fi haka. A manna leda mai faɗin santimita 45 a ƙasa ta kwana. In da safe an ga raɓa a ƙarƙashinta ko wurin ya yi duhu, akwai sauran laima, kada a sa sila. Farin mabul irin na Carrara da ake kawowa daga Italiya yana da ɓurɓushin ƙarfe a jikinsa, in aka kulle masa ruwa a ciki sai ya yi tsatsa ya koma rawaya, kuma wannan rawayar da wuya take fita.

Uwargida: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To in an sa silar, shi ke nan ruwan wanki ba zai sake cin sa ba?

Injiniya: Zai ci shi Hajiya, ko an sa ko ba a sa ba. Sila ta kirki cikin ƙofofin dutsen take shiga, ta rage saurin shan mai da ruwa, ki samu lokacin gogewa kafin tabo ya zauna. Ba ta tare asid. A nemi mai nutsewa, a guji mai yin fata a sama. Kuma a gwada tukuna: a zuba ruwa cokali ɗaya a bar shi minti 10, a goge. In wurin bai yi duhu ba dutsen ba ya sha, silar ba ta da inda za ta shiga. In ya yi duhu, a shafa da tsumma mai tsabta, a bar ta minti 5 zuwa 10 ko yadda aka rubuta a jikin galan, a goge rarar tas kafin ta bushe. Rarar da aka bari ita ce ke yin danƙo da hazo. Kada ruwa ya taɓa wurin sai bayan awa 24 aƙalla.

Baban Tayil: Ƙari ɗaya. Wasu za su kawo miki hanyar feshi da soson ƙarfe a ƙarƙashin inji, sheƙi ya fito nan da nan. A otal da ake bi kullum tana da amfaninta, amma a farin mabul na gida ba na ba da shawararta. Ba ta cire ƙarce, kuma gashin soson da ya maƙale a tsakanin falaye yana tsatsa da zarar an yi mofin. Duk wanda za ki ba aikin, ya fara yi miki gwaji a mita ɗaya, ki duba da tocila a kwance a ƙasa, ki ga faifansa da idonki ki ƙirga lambobin. Ya kuma rufe ƙasan bango da ƙofofin katako da leda. In akwai wurin da ruwa ke yawan zuba, kamar bakin bayi, a tsaya a lamba 400 a wurin, don gudun santsi.

Yaya Babba: Bayan an gama, yashi ne babban abokin gabarsa, ƙanwata, domin ya fi mabul tauri nesa ba kusa ba. Ƙarcen nan na bakin ƙofa aikinsa ne. A sa abin goge ƙafa ciki da waje, da hunturu a share da busasshen mofa kullum kafin a sa ruwa. Wanki kuma da sabulun dutse marar asid, ko ruwa zalla, a matse mofan sosai. A manna ƙyalle mai kauri a ƙafafun kujeru da tebur, kuma a fitar da ruwan wankin bayi daga cikin kayan sharar falo gaba ɗaya, a gaya wa duk mai yin mofin dalili.