Neman Shawara Kan Horar da Ɗaliban Jinya da Mutum-mutumin Roba

Assalamu alaikum, malamai da manyanmu a aikin jinya. Ina koyarwa a wata makarantar jinya a nan Sakkwato, kuma akwai matsalar da ta gagare ni a ɗakin gwaji.

Ɗalibanmu sun ƙware a farfaɗo da bugun zuciya a jikin mutum-mutumin roba: suna danna ƙirji sau 30 su hura iska sau 2, zurfin dannawa santimita 5 zuwa 6, saurin kuma 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Amma da yake roba ba ta kuka, ba ta tambaya, babu kuma dangi tsaye a kanta suna salati, sai ɗalibi ya saba aiki bakinsa a rufe. Idan ya shiga ɗakin marasa lafiya, ko sallama da neman izini kafin ya taɓa mutum sai an tuna masa. A ganina wannan ya fi kuskuren hannu muni, tunda jarrabawar OSCE, wato wadda ake gwada ƙwarewar ɗalibi a aikace, ita ma tana auna yadda ake magana da majinyaci.

Mun sa ɗalibai su riƙa kwaikwayon marasa lafiya, sai abin ya koma raha, 'yan mata kuwa kunya ta hana su duba abokan karatunsu maza.

Shin akwai wanda ya taɓa ɗauko dattawa daga cikin gari ya horar da su kan wannan kwaikwayo? Yaya ake shirya su, nawa ya dace a ba su, kuma ta yaya kuke gudanar da bitar bayan gwaji ba tare da ɗalibi ya ji an muzanta shi ba?