Abin da aka tattauna kan ciwon kai mai zuwa a jere

To jama'a ga abin da na tattaro:

1. An yarda ɓari ɗaya yake kamawa, wajen ido, da hawaye da toshewar hanci, minti 15 zuwa awa 3.
2. Kan abin da ke jawo shi aka rabu. Wasu sun ce jijiyoyin jini ke buɗewa su kawo zafin, shi yasa maganin sumatriptan mai aiki irin na sinadarin serotonin in ya tsuke su ciwon ke lafawa, wasu suka ce a'a daga ƙwaƙwalwa yake farawa, buɗewar biyo baya take. Ni dai wajen masu cewa ƙwaƙwalwa na karkata, tunda kusan lokaci ɗaya yake dawowa kullum, kuma agogon jiki a ƙwaƙwalwa yake.
3. Shaƙar oksijin tana taimakawa.
4. Mai ciwon zuciya ko hawan jini kar ya sayi sumatriptan a kemis, ya je asibitin koyarwa na Shika, Zariya, ya ga likita.